Jami'ar Ibadan da 'Ya'yan Talakawa: Tarihin Ƙofar da Ke Maƙwabtaka da Mu



Daga shataletalen Mokola zuwa ƙofar Jami'ar Ibadan tafiyar 'yan mintuna ce a Micra, ta Sango. Amma unguwarmu, wadda aka kafa tun 1916, ta daɗe tana kallon wannan ƙofa daga nesa. Yana da kyau mu san dalili.

An buɗe makarantar a 1948 da ɗalibai 104 a Eleyele, ƙarƙashin Bature Kenneth Mellanby, kuma digirin Jami'ar Landan take bayarwa har zuwa 1962. Turawa sun tsara ɗakunan kwananta a kan salon Oxford da Cambridge na Ingila. Su kuwa waɗancan jami'o'i suna da tsohon tarihin bambanta ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. A da can, ɗan attajiri yakan sa rigarsa ta daban, ya ci abinci a teburin malamai, shi kuwa ɗan talaka yakan biya kuɗin karatunsa ne da yi wa wasu hidima. A irin wannan matsayi na mai hidima Isaac Newton ya shiga Cambridge a 1661.

A Ibadan ba a sa ɗalibi ya yi wa ɗalibi bauta ba. Duk wanda ya samu shiga, ana dafa masa abinci, ana wanke masa kaya, ma'aikata suna gyara masa ɗaki. Bambancin yana bakin ƙofa ne. Kafin yaro ya kai can, sai ya bi ta makarantun sakandare ƙalilan, irin su King's College ta Legas, Kwalejin Gwamnati ta Ibadan, ta Umuahia, ko ta Zariya wadda ake kira Barewa a yau. A Arewa tun daga tushe aka tace: makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashe na musamman na 'ya'yan sarakuna, kuma ta hannun hukumomin En'e yara ke samun hanyar Kwalejin Katsina. 'Yan Arewa da suka yi karatu a Ibadan, kamar Adamu Ciroma da Jibril Aminu, daga can Arewa suka taso. Ɗan Sabo ba ya ƙarƙashin En'e ta Arewa, a nan kuma baƙo ake ɗaukarsa. Mu ma muna da namu kason: lokacin da Abner Cohen ya yi bincikensa a Sabo a farkon shekarun 1960, unguwa ce da ta dogara ga fataucin goro da shanu, kuma iyaye sun fi amincewa da allo da kasuwa a kan boko.

Da jami'o'i suka yawaita, sai ciyar da ɗalibai ya zama abin rigima. Ranar 1 ga Fabrairu, 1971, 'yan sanda suka harbe ɗalibi Kunle Adepeju a zanga-zangar da ta taso daga batun abinci a ɗakin kwana na Nnamdi Azikiwe. A 1978 gwamnatin soja ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini, abin da ya jawo tarzomar "Ali Must Go" a zamanin Kanar Ahmadu Ali, aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Kwabo 50 ba komai ba ne ga ɗan babban ma'aikaci, amma ga ɗan manomi zai iya zama ƙarshen karatu. A shekarun 1980 aka daina ciyarwar ma gaba ɗaya.

Tun daga nan bambancin da ke bakin ƙofa ya shigo har ciki. Mai hali yana kama wa ɗansa ɗaki mai janareta da ruwa, marar hali yana raɓewa a ɗakin aboki, ko ya yi ta jeka-ka-dawo daga gida. Aji ɗaya, malami ɗaya, jarrabawa ɗaya, amma wani ya karya kumallo, wani bai karya ba.

A yau babu En'e da za ta zaɓi yaro, kuma 'ya'yan Sabo maza da mata suna zana JAMB kamar kowa. Tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, kuma ya kamata masu ilimi a cikinmu su taimaka wa yara wajen cike takardunsa. Haka nan attajiranmu na kara da na goro za su iya ɗaukar kuɗin rajistar yaro ɗaya ko biyu kowace shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin.