Ajiyar babur da mota a watannin bida: abin da ke lalata su a ƙasar Arewa

A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso, da zarar an gama yankan hatsi an cika rumbuna, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, samari da magidanta da yawa sukan kama hanyar bida: Yamai, Sakkwato, Legas, Kwatano ko Abijan. Galibi sai hadari ya fara haɗuwa a Mayu ko Yuni ake ganinsu. A tsawon waɗannan watanni shida ko bakwai, babur ɗin da aka sayar da sa ko buhunan wake aka saya, ko tsohuwar motar da ke kai kaya kasuwannin Matankari da Dankasari, tana nan ajiye a zaure ko a gindin dogon yaro.

A Faransa da Kanada ma ana irin wannan ajiya. Masu motocin tsere sukan kulle su a gareji duk tsawon lokacin sanyi, don gudun ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a kan titi, wanda ke cin ƙarfe. Shawarwarin da ake samu a littattafan motoci yawanci don su aka rubuta. Ɗarin Arewa bai kai ya daskarar da ruwan lagireto ba. Abin da ke jiran inji a nan shi ne ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, sai zafin bazara da kan haura digiri 40 a Afrilu, sai kuma kusu.

Batir ne ke fara mutuwa. Ko ba a taɓa shi ba, wutarsa tana raguwa da kanta, kusan kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata idan wuri na da sanyi-sanyi, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan kusan ninka saurin raguwar. Cikakken batir yana nuna volt 12,6. Idan ya daɗe ƙasa da 12,4, wani gishiri yakan taru ya ƙanƙame farantan dalmar da ke cikinsa, daga nan ko an yi masa caji ba ya riƙewa kamar da. Maganin ba ya cin kuɗi: a cire wayar da ke da alamar ragi, ko a ciro batirin gaba ɗaya a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, a riƙa kai shi caji sau ɗaya a wata ko wata biyu. Mai ƙaramin faifan sola zai iya amfani da shi, amma sai da na'urar daidaita wuta a tsakani, in ba haka ba ruwan batirin ya ƙone.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare, a ce wa ƙane ya riƙa tayar da injin kowace Juma'a na minti biyar. Niyyar mai kyau ce, amma ɓarnarta ta fi amfaninta. Wutar da aka ci wajen tayarwa ba ta dawowa cikin minti biyar, injin kuma bai yi zafin da zai kori danshin da ya taru a salansa da baƙin mai ba. In za a tayar, a hau a yi tafiyar minti 20 zuwa 30. In ba za a iya ba, gara a bar shi ya huta. (Wasu magidanta ma sun fi son tafiya da makullin, saboda zagayen da aka ce na minti 20 ne yakan kai ƙane har Kore Mairuwa.)

Sai batun mai, wanda a nan ya fi ko'ina muhimmanci. Yankin yana bakin iyaka da Najeriya, kuma an daɗe ana sayen man kwalba a bakin hanya, ko da yake cire tallafin mai da gwamnatin Najeriya ta yi a Mayun 2023 ya sauya cinikin. Man kwalba yakan zo da ƙura, wani lokaci da ruwa. Ko tsabtataccen mai na gidan mai, bayan wata uku zuwa shida sashensa mai saurin kama wuta yakan tsere, ragowar ya yi kauri ya koma kamar ƙaro. Ƙananan babura irin su Haojue, Kasea da Boxer galibi da kabureta suke aiki, kuma ramukanta sirara ne kamar kafar allura, ɗan wannan ƙaron ya isa ya toshe su. Don haka kafin tafiya a rufe famfon mai, a bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, ko a kwance ƙusar da ke ƙasan kabureta a tsiyaye abin da ya rage.

Turawa sukan ce a cika tanki fal don kada raɓa ta sa shi tsatsa. Wannan ta dace da ajiyar damina, kamar ta injin ban ruwan masu lambu a fadamar Dallol Mawri, ko babur ɗin da laka ta hana fita. A rani kuwa iska busasshiya ce, tsatsa ba ta da ƙarfi, kuma cikakken tanki a zauren da ke kusa da murhu da dangar kara haɗarin gobara ne. Rage man ya fi hankali.

Baƙin mai a juye shi kafin ajiya, kada a jira dawowa, domin tsohon yana ɗauke da datti da tsami mai cin ƙarfe a hankali. Sarƙar babur a wanke a shafa mata mai. Tayoyi a ƙara musu iska kaɗan, babur a ɗora shi a ƙafar tsakiya, mota kuma a saki birkin hannu a tokare ta da dutse, don birkin da ya daɗe a ɗaure yakan manne. Rana tana tsattsaga roba, saboda haka inuwa wajibi ce. Baƙar leda tana tara zafi, iska kuma tana goga ƙurar da ke ƙarƙashinta a jikin fenti. Tsohon zanen auduga ko bargo ya fi.

Kusu kuwa, ɓarnarsa ce ta fi wuyar ganowa. Bayan kaka yana yawa a kusa da rumbuna, yana neman wurin ɗumi a watannin ɗari. Yakan yi sheƙa a akwatin matatar iska, ya gwaguye wayoyi, bakanike ya yi kwana biyu yana neman inda wuta ta yanke. Zanzaro ma yakan gina ɗakinsa a bakin salansa. A nisanta abin hawa daga rumbu, a share ƙwayar hatsin da ta zube a cikin mota, a toshe salansa da mashigar iska da tsumma, a ɗaura wani ƙyalle a kan sitiyari ko hannun babur don tuna cirewa. Idan an ɗora mota a kan katako, a riƙa dubawa saboda gara.

Ranar dawowa, kafin a murɗa makulli, a cire tsummokin, a kakkaɓe matatar iska, a duba baƙin mai da ruwan lagireto da birki, a zuba sabon mai. A duba takardu kuma: inshora da takardar harajin shekara sukan ƙare mai su yana can, kuma a babbar hanya ta 1 da ta ratsa Dogon Dutsi zuwa Doso da Ƙonni, jandarmomi sukan tambaya.