Abin da ya kamata iyali su duba kafin komawa garin bakin teku

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga yankin Badagry a Jihar Legas zuwa iyakar Kamaru a Jihar Kuros Riba. Magidancin da aiki ko kasuwanci ya kai shi wannan yanki yakan fara da tambayar kuɗin haya, alhali abin da ya fi muhimmanci shi ne sanin inda ruwa ke kaiwa idan damina ta kankama.

Sau da yawa arahar gida a bakin teku tana da dalili. Ayetoro, garin masunta da aka kafa a 1947 a Ƙaramar Hukumar Ilaje ta Jihar Ondo, teku ya riga ya cinye babban ɓangarensa. A 2022 kuma ambaliya ta yanke hanyar shiga Yenagoa, babban birnin Bayelsa, har abinci da man fetur suka yi tsada.

Kalaba tana da fifiko ta wannan fuska, domin mafi yawanta a kan tudu take, a bakin kogi, ba a gaban igiyar teku ba. Akwai kuma tsohuwar unguwar Hausawa ta Bogobiri, inda baƙo zai samu masallaci da wanda zai yi masa jagora. Sai dai ruwan sama a can ya ninka na Kano, kuma zaizayar ƙasa na damun wasu unguwanni. Badagry ta fi tsakiyar Legas sauƙin haya, amma wanda ke aiki a cikin birni zai kashe rarar a kuɗin mota.

Zai fi kyau a je duba gida a watan Yuni ko Yuli. A lura da shatin ruwa a jikin bango, a ɗanɗana ruwan rijiya ko yana da gishiri, sannan a tambayi maƙwabta, ba dillali kaɗai ba. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari.

Mai niyyar sayen fili ya tantance takardunsa a ma'aikatar filaye ta jihar kafin ya biya ko kwabo. A Janairun 2020 an tashi mazauna Tarkwa Bay da ke Legas, har da waɗanda suka shafe shekaru masu yawa a wurin.