Ƙwallo Da Bango: Tarihin Nour El Sherbini

Uwargida, ɗan jingine tsintsiyar nan ki matso kusa. Yau tarihi na kawo miki, na wata yarinya 'yar Masar wadda ta zaga duniya da sana'ar da ake yin ta a cikin ɗaki guda.

Sana'ar tata wasa ce, sunan wasan sikwash. Ɗakin da ake yin sa tsawonsa bai cika mita 10 ba, faɗinsa kuwa mita 6 da 'yan kai. Mutum biyu ke shiga a rufe ƙofa, kowa riƙe da abin bugu mai raga, kamar rariya mai dogon mariƙi. Ƙwallon ta roba ce, ba ta wuce lemun tsami girma ba. Ki buga ta a bango ta dawo, abokiyar karawarki ta buga, haka za ku yi ta yi har ɗaya ta kasa. Wadda ta fara kai maki 11 ta ci zagaye, wadda ta ci zagaye uku cikin biyar ita ce da nasara. An faro shi a makarantar Harrow ta Ingila a ƙarni na 19.

Kada ki ce wannan baƙon abu ne a ƙasarmu. Tambayi maigida, ko Baba idan yana kusa, labarin ƙwallon bangon da Turawa ke kira Fives, wanda ake bugawa da tafin hannu. Malaman makaranta Turawa suka kawo shi Katsina a shekarun 1920. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya ƙware a kansa tun yana ɗalibi a Kwalejin Katsina, kuma bai bar shi ba har ya zama Firimiya. To, wannan wasa da sikwash 'yan gida ɗaya ne: ƙwallo, bango, sai zafin nama.

Su ma Misirawa daga hannun Ingilishi suka karɓa, amma suka riƙe shi da gaske. Tun a shekarun 1930 wani ɗan ƙasar, Amr Bey, ya ci babbar gasar Biritaniya sau shida. A 1996 aka kafa ɗakin gilashi a gaban dalar Giza aka yi gasa, wani matashi ɗan gida, Ahmed Barada, ya kai wasan ƙarshe. Daga nan iyaye suka dinga kai 'ya'yansu, maza da mata, wurin koyo.

Cikin wannan yanayi Nour El Sherbini ta taso. An haife ta ranar 1 ga Nuwamba 1995 a birnin Iskandariyya. Tana da shekara shida ta fara bin yayanta namiji wurin wasa, ita ma aka miƙa mata abin bugu. A 2009, tana da shekara 13, ta je birnin Chennai na Indiya ta cinye gasar matasa ta duniya, ta kayar da waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba. Ta sake ci a 2012 da 2013.

Kin ji kamar komai ya zo mata da sauƙi, ko? Ina! Da ta shiga sahun manya sai ta tarar da Nicol David ta Malesiya, wadda ta yi shekara tara cur ba wadda ta ture ta daga matsayi na ɗaya a duniya. A 2012 Nour ta kai wasan ƙarshe na gasar Biritaniya, Nicol ta kayar da ita. A 2014 ta rama, ta fitar da Nicol daga gasar duniya a garinsu, Penang, a gaban mutanenta. Amma da aka zo wasan ƙarshe sai Laura Massaro ta Ingila ta ɗauke kofin. Sau biyu ke nan tana zuwa bakin tukunya tana komawa da kwano wayam.

Sai 2016 haƙuri ya yi rana. A watan Maris ta ci gasar Biritaniya, mace ta farko daga Masar da ta yi haka. A watan Afrilu, a Kwala Lamfur, ta sake haɗuwa da Laura Massaro a wasan ƙarshe na gasar duniya. Laura ta cinye zagaye biyu na farko, saura ɗaya a tashi. Yarinyar nan ba ta karaya ba, ta cinye uku a jere. Tana da shekara 20 ta zama zakarar duniya, mafi ƙarancin shekaru a cikin mata, kuma a watan Mayu ta hau matsayi na ɗaya.

To, 'yar uwa, yaya rayuwar mai irin wannan sana'a take? Ba albashi ake ba ta ba. Ladanta yana ga inda ta kai a gasa: wadda aka fitar da wuri ta samu kaɗan, wadda ta kai ƙarshe ta samu mai tsoka. Ga kuɗin jirgi, ga na mai koyarwa, ga na magani. Idan ta zauna a gida makinta ya ragu, waɗansu su wuce ta. Don haka kullum jaka a ɗaure, fasfo a hannu: wannan wata Amurka, wata mai zuwa Ingila ko Ƙatar.

Ke da kike Jibiya ko Magama, ba sai an yi miki dogon bayani ba a kan abincin da ke bayan iyaka. Kin ga yadda gari ya yi lokacin da aka rufe hanyar Ɗan Isa da Maraɗi a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Kin ga kuma rufewar 2023 bayan juyin mulkin Nijar, wadda ta kai Maris 2024. Direba ya zauna, mai dako ya zauna, har mai ƙosai da ke aika yarinya tasha ta ji a jikinta. Haka su ma 'yan wasan nan suka ɗanɗana a Maris 2020, da annobar korona ta rufe iyakoki: aka dakatar da gasa wata shida, wanda ba shi da ajiya ya shiga wani hali.

Ga kuma jiki da ke gajiya. A 2019 ciwon gwiwa ya zaunar da Nour a farkon kakar wasa. Dawowarta ke da wuya sai gasar duniya a gaban dalar Giza, ta kuma cinye ta ranar 1 ga Nuwamba, ranar da ta cika shekara 24. Ta ci a 2021, 2022 da 2023. A 2024 'yar ƙasarsu Nouran Gohar ta ƙwace kofin a Alƙahira. A 2025, a Shikago, Nour ta karɓo shi, ya zama na takwas, ta kamo Nicol David. A 2023 kuma aka amince a sa sikwash cikin wasannin Olamfik na 2028.

Na san tambayar da ke ranki: aure fa? Ga wata takwararta, Nour El Tayeb. Ita da mijinta Ali Farag sun ci gasar Amurka rana ɗaya a 2017, kowa a ɓangarensa. Ta haihu a 2021, bayan 'yan watanni ta koma fage.

Sai maganar sutura. Gaskiya kayan da suke sawa ba irin namu ba ne, kuma ban zo in ce ki tura 'yarki ta sa su ba. Abin da nake so ki ɗauka daban ne. Yarinyar nan gida ne ya tsaya mata tun tana ƙarama, aka lura da abin da ta iya, aka kai ta, aka jira ta, da ta faɗi ba a ce ta zauna haka nan ba. Mu kuwa da zarar yarinya ta kai shekara goma sai mu hana ta gudu da tsalle, mu ce ta girma. Carafke, 'yar gala-gala da tsallen igiya duk sun tafi, sai zama. Mu kanmu da injin niƙa ya karɓe mana daka da surfe, zaman ya yi mana yawa, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga ciwon ƙafa.

Wannan wasa da ya kai Nour duniya, a ɗaki rufaffe ake yin sa. Ke ma kina da bango, kina da tsakar gida. Ki nemi izinin maigida, a sayo ƙwallon roba ƙarama. Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, a kawar da tukwane da randa, ki bar 'yan matan su buga da tafin hannu har su yi gumi. Ke ma ki ɗaura ɗamara ki taya su, ko na minti goma ne. Idan kuma kika ga wata a cikinsu ta yi fice, a wasa ne, a karatu ne ko a ɗinki, ki gaya wa mahaifinta, ku tsaya mata tare.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu lafiya mai amfani.