Zangon Damagaram da Baƙinsa na Ɓoye

Duk wanda ya san Zinder, wato Damagaram, ya san gari biyu ne a haɗe: akwai Birni, inda fada take cikin ganuwar da Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu ya gina, akwai kuma Zango daga arewa, wanda asalinsa masaukin ayari ne. A zamanin da, a nan Abzinawa ke sauke gishirin Bilma, a nan Larabawan Gadamas da Tarabulus ke kwance takarda da takubba da duwatsun ado, su ɗaure fata da gashin jimina da turkuɗin Kano, bayan sun shafe watanni cikin rairayi.

A wancan zamanin baƙo ba ya sauka sai a hannun maigida, wato fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya adana hajarsa, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa shaida in an yi bashi, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. Amana ce ƙashin bayan sana'ar, domin wanda ya ci amanar baƙo guda, labarinsa zai riga ayari isa Agadas. Amma cikin hajar akwai 'yan Adam. Baturen Ingila Richardson, da ya sauka Zinder a 1851, ya rubuta yadda ya ga ana koro bayi daga hari, mata da ƙananan yara.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fatauci ya juya teku, kuma a 1926 Faransawa suka ɗauke hedikwatarsu daga Zinder suka mai da ita Yamai, sai ɗakunan baƙi suka yi ta zama kango. Mutanen Ingila kan ce fatalwar matafiya na yawo a tsofaffin masaukansu. Mu kuwa kango da tsohuwar rijiya da gindin tsamiya mazaunin aljannu ne, shi ya sa ake hana yaro ratsa su da almuru, babba ma sai da Bismilla. Malamai sun tabbatar da samuwar aljannu bisa nassin Alƙur'ani, suka kore komowar mamaci, domin yana barzahu har tashin ƙiyama, kuma maganarsu ita ce gaskiya. Sai dai a ganina tsoron nan yana da tushe: bawan da aka raba da uwarsa, da falken da zazzaɓi ya kashe ba danginsa kusa, haƙƙinsu ne bai bar zukata su natsu ba.

Ya kamata 'yan makarantar Damagaram su zauna gaban dattawan Zango, su rubuta sunayen gidajen nan da na masu su tun damina ba ta ƙarasa rushe su ba.