Rigar Fosfet: Tarihin Kare Ƙarfen Bindiga Daga Tsatsa

Tun da ɗan Adam ya fara sarrafa ƙarfe, tsatsa take bin sa da ɓarna. Ƙarfe in ya haɗu da laima da iska, sai ya yi ta ci har ya rududduge. Maƙeranmu na da sun san haka, shi ya sa maharba da 'yan bindigar sarki ba sa rabo da tsumma da mai, musamman da damina.

A birnin Birmingham na Ingila, wanda ya yi suna wajen ƙera bindigogin da aka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 18 da na 19, aka samo wata sabuwar dabara. A shekarar 1906 wani mutum mai suna Thomas Watts Coslett ya yi wa dabararsa rajista: a dafa ƙarfe cikin ruwan asid na fosforik da aka zuba wa garin ƙarfe. Asid ɗin yakan ɗan ci fuskar ƙarfen, sannan wasu ƙananan ƙwayoyi na fosfet su tsiro su manne a kai, su zama riga mai ruwan toka.

Daga baya aka gano cewa manganis ya fi ba da riga mai ƙwari. Clark W. Parker ya sayi haƙƙin waɗannan dabaru, kuma a 1915 shi da ɗansa suka kafa kamfani a Detroit ta Amurka. Daga sunansa aka samo kalmar Parkerizing. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, an yi wa miliyoyin bindigogin sojan Amurka wannan riga, har da shahararriyar M1 Garand. Ba ta ƙyalli a rana, ta kuma fi tsohon rinin shuɗi jure wahalar daji.

Amma ga abin lura, mai karatu. Rigar fosfet ita kaɗai ba ta wadatar ba. Cike take da ƙananan ramuka kamar soso, kuma amfaninta shi ne ta sha mai ta riƙe. In man ya bushe, tsatsa ta samu ƙofa. Ashe masana kimiyya gida suka gina wa man da maƙeri ya daɗe yana shafawa.

A Amurka masu sha'awar tsofaffin bindigogi kan yi wannan aiki a gidajensu. Mu a Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba. Duk da haka dabarar ta iso mu ta wata hanya, domin masu ƙera motoci sun daɗe suna shimfiɗa fosfet na tutiya a jikin mota kafin su fesa fenti. 'Yan uwa mazauna Legas da Fatakwal, inda laimar teku ke cin ƙarfe, ku tuna da wannan duk lokacin da fentin motarku ya kankare: a rufe wurin da wuri, don rigakafi ya fi magani.