Ikkilisiyar Tsibiri: tarihin wata ƙaramar jama'ar Kirista a ƙasar Gobir

Gabatarwa

Idan aka ambaci Tsibiri, abin da ke fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne fadar Sarkin Gobir da tamburanta, da Inna da ƴan borinta, da tarihin Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya ga daular Sakkwato. Bayan yaƙin Gawakuke na shekarar 1836 ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa garin a bakin Gulbin Maraɗi, kusa da Katsinawan Maraɗi, abokan gwagwarmayarsa. Amma garin yana da wani tarihi na biyu wanda ba kasafai ake koyar da shi a lakwal ba, wato na ƙaramar jama'ar Kirista da ta kusa cika shekara ɗari tana sujada da harshen Hausa a cikinsa. Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, don haka mai karatu na iya cewa mene ne abin tsayawa a kansu. Amsar ita ce, tarihinsu ya ratsa tarihin rubutun boko, da kiwon lafiya, da noma a jihar Maraɗi, kuma dattawan da suka riƙe shi a ka suna ta ƙarewa.

Zuwan ƴan mishan

Ƙungiyar da ake kira SIM, wadda asalin sunanta ke nufin mishan na cikin ƙasar Sudan, ta samo tushe a shekarar 1893, lokacin da Rowland Bingham da abokansa biyu suka sauka Ikko da niyyar kaiwa ƙasar Hausa. Abokan nan biyu sun rasu tun tafiya ba ta yi nisa ba, Bingham kaɗai ya tsira ya ci gaba da aikin. Sai a 1924 ƙungiyar ta ƙetaro iyaka daga Nijeriya ta zauna a Damagaram, wadda a lokacin ita ce babban birnin ƙasar, kafin a mai da mulki Yamai a 1926. Wajen ƙarshen shekarun 1920 wani ɗan mishan mai suna David Osborne ya samu izinin zama a Tsibiri.

Baƙin sun tarar da ido biyu a kansu. Na farko idon jama'ar gari, waɗanda suka saba ganin Nasara da bulala da takardar haraji, sai ga wani Nasara yana zaune bisa tabarma yana jin Hausa, yana wanke gyambo. Na biyu idon Faransawa masu mulki. Ƴan mishan ɗin masu jin Ingilishi ne, daga Kanada da Amurka da ƙasashen Ingila, kuma kwamandan bai taɓa sakin jiki da su ba, musamman a zamanin gwamnatin Vichy, farkon shekarun 1940, lokacin da aka ɗauke su tamkar ƴan leƙen asirin maƙwabta aka takura musu ƙwarai.

Harshe da littafi

Wata dokar Faransa ta 1922 ta wajabta cewa duk makaranta mai zaman kanta a yankin Afirka ta Yamma sai ta koyar da Faransanci, amma ta bar ibada a harsunan ƙasa. Wannan doka ta yi tasiri mai nisa. Da yake mafi yawan ƴan mishan ba su ƙware a Faransanci ba, sai suka karkata ga abin da suka iya, wato Hausa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, kuma wannan littafi ya zama allo da tawadar sababbin masu bi. Wanda ke son baftisma ana ƙarfafa shi ya koyi karatu, mace ko namiji. Ta haka aka samu manoma a ƙauyukan Gobir suna rubuta wasiƙa da boko tun kafin gwamnati ta fara yaƙi da jahilci da harsunan ƙasa bayan samun mulkin kai.

Kalmomin da fassarar ta yi amfani da su abin lura ne ga malaman harshe: Allah, annabi, mala'ika, addu'a, sujada, Attaura, Zabura, Almasihu. Duka daga rumbun da Musulunci ya cika a Hausa aka ɗebo su. Kiristan Tsibiri da maƙwabcinsa Musulmi da suna ɗaya suke kiran Mahalicci, ko da sun saɓa a kan abin da ya biyo baya. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: rashin Faransanci ya hana ƴaƴan masu bi na farko shiga aikin gwamnati, yayin da makarantun Katolika na birane ke fitar da ma'aikata. Wannan giɓi ya daɗe yana ci wa Kiristocin ƙasar tuwo a ƙwarya, har aka buɗe lakwal ta firamare ta mishan a Tsibiri, baya ga makarantar Littafi Mai Tsarki da ke horar da masu bishara.

Ranar Lahadi da labaranta

Wanda ke son ya gane rayuwar irin wannan ikkilisiya, sai ya dubi ranar Lahadi. Maza na zama gefe, mata gefe, kamar yadda al'adar gari ta tanada. Ana buɗewa da addu'a da waƙoƙi, a karanta nassi, fasto ko wani dattijo ya yi wa'azi, a karɓi baiko. Amma akwai wani sashe da masu tarihi ba su cika kula da shi ba, wato sanarwa. Magatakarda zai miƙe ya faɗi an yi haihuwa a gidan wane, suna ranar kaza; wance na kwance asibiti, a tuna da ita; ga gaisuwa daga ɗan'uwa da ya tafi cin rani Kano ko Legas; ga ranar gayya a gonar fasto; ga baƙo, ya tashi a san shi. A wurin da jarida ba ta zuwa, wannan sanarwa ita ce jaridar jama'a, kuma da ita ake sanin wa za a kai wa gudummawa.

Shekarar ikkilisiya tafe take da shekarar manomi. Da bazara ana roƙon ruwa, da damina sujada kan ragu da mutane saboda noma, da kaka kuma a yi godiya, kowa ya kawo damen hatsi ko kwanon wake gwargwadon abin da ya samu. Daga nan ake taimakon gwauraye da marayu da mai bishara, wanda shi ma galibi manomi ne. Ƙungiyar zumuntar mata ita ce ginshiƙin wannan hidima: su ke gaida marasa lafiya, su ke girki ranar biki da ranar makoki, su ne kuma suka shigo da kiɗan tulu da caki da waƙoƙi masu amshi cikin majami'a, bayan ƴan mishan na farko sun daɗe suna ɗari-ɗari da kiɗa don gudun kada ya yi kama da na bori.

Magani da itace

Yawancin mutanen karkara ba ta wa'azi suka san mishan ba, ta magani suka san shi. Ƙaramin ɗakin shan magani na Tsibiri ya riga manyan ayyuka biyu: asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 a kan hanyar Ƙonni, da asibitin kutare na Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. Mafi yawan waɗanda aka yi wa jinya a waɗannan wurare Musulmi ne, sun warke sun koma gida da addininsu.

Haka abin yake ga noma. A farkon shekarun 1980, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, toho ne na kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Lokacin yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi ke kira El Buhari, aka haɗa rabon abinci da koyar da barin toho ana yi masa aski. Wannan dabara, sassaben zamani, manoma ne suka yaɗa ta da kansu daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta a kudancin ƙasar.

Cin gashin kai da jarrabawa

Jim kaɗan bayan mulkin kai na 1960, ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan suka haɗu a ƙungiyar ƴan ƙasa da ake kira EERN. Ragama ta koma hannun Hausawa, tare da nauyinta, domin a ƙarshen shekarun 1980 saɓani ya raba ƙungiyar, har rabuwar ta ratsa cikin dangi. Katolika kuma sun samu nasu yankin bishop na Maraɗi a 2001.

An kuma sha jarrabawa daga waje. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta kai ga farmaki a kan wata majami'a a Maraɗi. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙona majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu. A Yunin 2019 an sake cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi. Mafi yawan wannan ɓarna a birane ta auku, inda mutum kan iya jifan wanda bai sani ba. A ƙauye kuwa, Kirista ɗan wane ne, jikan wane. Ana aika masa naman layya, shi ma ya aika abincin Kirsimeti, ana haɗuwa a gaisuwar mutuwa. Ko a ranakun 2015 an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. Zumunta a ƙafa take, in ji Bahaushe, kuma ita ce katangar da ta fi kare waɗannan ƙananan jama'u.

Kammalawa

Abin da aka rubuta a kan wannan tarihi, mafi yawansa da harsunan waje yake, kamar littafin da Barbara Cooper ta wallafa da Ingilishi a 2006 a kan Kiristocin yankin Maraɗi. Rahotannin ƴan mishan suna ajiye a ƙetaren teku, na kwamandodi a ɗakunan ajiyar takardu. Muryar mutanen da kansu kuwa tana cikin littattafan baftisma da na aure, da ƴan takardun sanarwa da gara ke ci a akwati, da bakin tsofaffin mata na zumunta. Ga malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu aikin a fili yake: a nemi izinin dattawan ikkilisiya a kwafi waɗannan takardu, a naɗi muryar tsofaffi da waƙoƙinsu, a kuma tambayi fada da limaman gari abin da iyayensu suka faɗa musu game da zuwan mishan. Tarihin Gobir ba zai cika ba sai an ji daga ɓangarorin biyu.