Rawar hannu da tsayuwar hoto: abin da kyamara ta iya gani a Damargu

A watan Janairu na shekarar 1851, ayarin gishirin Kel Owe da ya taso daga Azbin ya yada zango a Tagelel, cikin ƙasar Damargu, tare da baƙi Turawa uku: James Richardson mutumin Ingila, da Jamusawa biyu, Adolf Overweg da Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da suna Abdulkarim. A nan suka rabu. Richardson ya nufi Damagaram, bai kuwa sake saduwa da abokan tafiyarsa ba, domin ya rasu a watan Maris kafin ya kai Kukawa. Barth ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano. Abin da ya gani a Damargu, ƙasar da geronta ke ciyar da Azbin, da alƙalami ya adana shi. Zane-zanen tafiyarsa kuma sai da suka shiga hannun wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, wanda ya gyara su ya ƙawata kafin a buga su cikin littafin mai juzu'i biyar a 1857 da 1858.

A lokacin, sana'ar ɗaukar hoto tana da shekara goma sha biyu kacal da bayyana. Dabarar Daguerre, wadda aka shelanta a Faransa a 1839, da farko tana bukatar idon na'ura ya zauna a buɗe na tsawon mintoci, har masu ɗauka suka ƙera wani ƙarfe da ake tokare ƙeyar mutum da shi don kada ya motsa. A shekarar da Barth ya ratsa Damargu ne Frederick Scott Archer ya fito da dabarar faranti na gilashi da ake shafa wa magani, wadda ta rage jiran zuwa daƙiƙoƙi. To amma dole a ɗauka a wanke kafin maganin ya bushe, cikin kamar minti goma zuwa sha biyar. Duk wanda ya san iskar hunturu a Tanut, ya kuma san zurfin rijiyoyin wannan ƙasa, ba sai an yi masa bayanin abin da wannan sharaɗi ke nufi ba.

Asalin matsalar guda ce tun daga wancan zamani har yau. Hoto haske ne da ake tarawa a kan faranti cikin wani ɗan lokaci. Idan na'ura ta motsa a cikin wannan lokaci, hasken da ya kamata ya sauka wuri guda sai ya barbazu, hoto ya fito dishi-dishi. Hannun ɗan Adam kuwa ba ya tsayawa cak, ko da na maharbi ne: numfashi da bugun zuciya kaɗai sun isa. Saboda haka tarihin hoto a ƙasa irin Damargu, ƙasar ayari da makiyaya da mahaya, tarihi ne na abin da ya yarda ya tsaya da abin da ya ƙi.

Bayan da busasshen faranti ya yaɗu a shekarun 1880, ɗaukar hoto a cikin tafiya ya yi sauƙi. Rundunar Faransa ta Foureau da Lamy, wadda ta taso daga Wargala ta Aljeriya a watan Oktoba na 1898, ta rasa mafi yawan raƙumanta a Azbin, ta bar Agadas a watan Oktoba na 1899, ta keta Damargu ta isa Damagaram ranar 2 ga Nuwamba. Birnin ya riga ya faɗa hannun wata rundunar Faransa tun ƙarshen watan Yuli, Sarki Amadu Kuran Daga kuma ya riga ya kwanta dama. Fernand Foureau ya riƙa ɗaukar hoto a hanya, littafin da ya buga a 1902 yana ɗauke da hotuna 170 na hannunsa. Ba a raina wannan taska, amma ya kamata malamin tarihi ya tuna cewa na'urar wancan lokaci ta fi son dutse da rijiya da zango da mutumin da aka ce wa ya tsaya. Wanda ya tsaya gaban kyamarar rundunar da ke riƙe da bindiga kuwa, ba lalle ne da son ransa ya tsaya ba.

Hoto mai motsi ya zo da nasa nauyin. Angus Buchanan, ɗan Sikotlan mai nazarin tsuntsaye da dabbobi, ya bi hanyar Kano zuwa Azbin ta Damagaram da Damargu a 1920. A 1922 ya sake tasowa daga Kano, wannan karon tare da mai ɗaukar fim, T. A. Glover, suka keta hamada har Tugurt a 1923, aka nuna fim ɗin tafiyar a Landan a 1924. Raƙumin da Buchanan ya hau, wanda ya sadaukar wa ɗaya daga cikin littattafansa, sunan Hausa gare shi, Farin Gashi. Kyamarar fim ta wancan zamani galibi da hannu ake murza ta, juyi biyu a daƙiƙa don a sami hoto goma sha shida. Hannun da ke murzawa shi ne kuma ke girgiza ta, don haka ba makawa sai an kafa ta bisa mazauni mai ƙafa uku mai nauyi. Ma'anar wannan ita ce mai ɗauka sai ya riga ayari gaba, ya sauke kaya, ya kafa, ya jira raƙuma su zo su wuce gabansa. Ana ganin ayari daga gefe, kamar yadda ɗan kallo ke ganinsa. Yadda madugu ke ganin hanya daga kan sirdi bai shiga fim ba.

Ba wai ba a nemi magani ba. Tun wajen 1910 wani ɗan ƙasar Polan, Kazimierz Prószyński, ya ƙera kyamara mai suna Aeroscope, wadda ake hura wa iska da famfo irin na keke, iskar ta riƙa juya fim, hannu biyu su sami sukunin riƙo. Ya kuma sa mata wani faifai mai juyawa da gudu don ya rage karkata. Hikimar ba baƙuwa ba ce ga duk wadda ta taɓa kaɗi: mazari muddin yana juyawa yana tsaye, da ya lafa sai ya kwanta.

Sai dai abin da ya sauya al'amari a ƙasar Nijar ba injiniya ya ƙulla shi a ɗakin gwaji ba, hatsari ne ya kawo shi. A 1946 da 1947 Jean Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin Kwara cikin kwalekwale tun daga mafarinsa har teku. Rouch yana riƙe da wata tsohuwar kyamara ƙirar Bell & Howell da ya saya a kasuwar gwanjo ta Paris, mai aiki da wani, wadda ba ta wuce daƙiƙa ashirin da ƴan kai kafin a sake ɗaure ta. Tun a farkon tafiya ya rasa mazauninta mai ƙafa uku. A wancan lokaci masana sinima suna ɗaukar fim ɗin hannu a matsayin aikin ɗan koyo. Rouch ya ci gaba da ɗauka a haka, har ya ɗauki farautar dorina ta Sorkawa a Ayoru, daga baya kuma ya mai da larura ta zama tafarki. Ya koyi tafiya da kyamara a kafaɗa, yana amfani da ido mai faɗin gani, domin idan fili ya yi faɗi rawar hannu ba ta fitowa sosai, idan kuwa aka jawo abu daga nesa rawar ma sai ta ninka. A 1971, a garin Simiri na Zarmaganda, ya ɗauki fim ɗin Tourou et Bitti kusan a numfashi guda, wajen minti goma yana tafe cikin filin wasan bori ba tare da ya tsai da na'ura ba. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, aka binne shi a Yamai.

Daga nan ƙere-ƙere suka biyo juna. A 1975 Ba'amurke Garrett Brown ya fito da Steadicam, wata riga mai hannun ƙarfe da ke raba nauyin kyamara da takun mai ɗauka. A 1988 kamfanin Panasonic ya sa dabarar kwantar da rawa a cikin kyamarar bidiyo ta gida, Nikon da Canon suka biyo baya a 1994 da 1995 a na'urorin hoto. Wayar salula ta sami rabonta a 2012 da Nokia Lumia 920, sannan iPhone 6 Plus a 2014.

A nan ne hanya ta rabu biyu, kuma bambancin ya shafi duk ƙungiyar da ke son adana al'ada. Hanya ta farko a cikin idon na'ura take. Akwai wani ɗan ƙanƙanin ma'aunin juyi, bai kai ƙwayar wake ba, da ke jin karkatar waya sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Gilashin ido kuma a rataye yake tsakanin maganaɗisu da naɗin siririyar waya, ta yadda idan hannu ya karkata dama sai a tura shi ya rama. Wasu wayoyi, tun daga iPhone 12 Pro Max a 2020, farantin karɓar hasken suke motsawa maimakon gilashin. Kamar mace ce da tulu bisa gammo: ƙafa na tafiya, wuya na gyarawa, ruwa bai zuba ba. Amfaninta shi ne tana gyara rawar tun hasken bai sauka ba, don haka tana aiki da almuru ko a cikin soro. Iyakarta kuwa ƙanƙantar filin motsin, galibi digiri ɗaya zuwa uku. Ta isa ga rawar hannu, ba ta isa ga sukuwar doki ba.

Hanya ta biyu ta lissafi ce, ita ce kuma ƙananan kyamarorin ƴan wasa suka dogara da ita. Kamfanin GoPro, wanda Nick Woodman ya kafa a 2002 don masu wasan hawan igiyar ruwa, ya fito da dabarar HyperSmooth a 2018, DJI ya biyo da tasa a 2019. A nan ba abin da ke motsi a ciki. Na'ura tana ɗaukar fili mai faɗi fiye da wanda za a nuna, sai kwamfutar ciki ta duba abin da ma'aunin juyi ya faɗa, ta yanko tsakiyar kowane hoto ta jera su daidai. Tela ne da ya bar rarar yadi a gefe don ya sami abin datsewa. Wannan dabara tana haɗiye girgiza mai tsanani, kuma idon nan mai faɗin gani, wanda Rouch ya gano amfaninsa da ƙafarsa, yana taimaka mata. Amma ba ta iya goge dishi-dishin da ya riga ya shiga hoto. Muddin rana na sama, ido na ƙiftawa da sauri, komai garau. Da haske ya ragu sai ido ya daɗe a buɗe, hoton ya riƙa makyarkyata. Wayoyin zamani masu tsada suna haɗa hanyoyin biyu, kamar yadda Google ya yi a Pixel 2 a 2017, amma wayoyi masu araha da yawa, irin waɗanda suka fi yawa a hannun talaka, ba su da ta farkon sam.

Akwai kuma batun hanya. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa girgizar injin babur mai ƙarfi tana iya lalata wannan ratayayyen ido idan aka ɗaure waya a jikin babur ɗin. Mai bin gargadar hanyoyin da ke tsakanin Tanut da Gangara da Belbeji a kan kabu-kabu ya san cewa jijjigar da ake sha a nan ba ta birni ba ce. Kyamarar ƴan wasa, da yake ba ta da abin da ke lilo a ciki kuma a rufe take ruf, ta fi jure wannan da ƙurar hunturu.

Ba a ce ɗaya ta fi ɗaya ba sai an faɗi abin da za a ɗauka. Hawan salla, da sukuwa, da zagayen filin kokawa, da bin garke zuwa mashaya, waɗannan na kyamarar ƴan wasa ne, kuma su ne ainihin abin da Foureau da Glover ba su iya bi ba. Amma idonta mai faɗi yana ƙanƙantar da fuska, yana lanƙwasa gefe, yana mai da na kusa ƙato na nesa ɗigo. Kwalliyar fuskar samarin Woɗaaɓe a wajen gerewol, ko yatsun maƙeri, ko dattijon Dagira da ke ba da tarihin kafuwar garinsu bayan magariba, a nan waya ta fi, musamman idan aka jingina ta a kan kifaffen turmi aka matso kusa don murya ta shiga. Turmin nan yana yin aikin da mazaunin Glover ya yi, ba tare da an ɗora wa raƙumi kaya ba.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba: gyaran lissafi yana share wata shaida. Raƙumi yana ɗaga ƙafafun gefe guda tare, shi ya sa mahayinsa ke rangaji dama da hagu, tafiyar doki dabam, ta amalanke dabam. Sababbin kyamarori suna iya kulle layin sararin sama ya tsaya cak ko da an juya su, hoton ya fito kamar tsuntsu ne ya ɗauka. Mai bincike da zai kalli irin wannan bidiyo nan da shekara hamsin ba zai gane ko daga kan sirdi aka ɗauka ko daga bayan mota ba. Kyamarorin GoPro suna ajiye bayanin ma'aunin juyin a cikin asalin fayil ɗin, ana kuma iya kashe gyaran a ɗauka da rawarsa, a daidaita daga baya a kwamfuta, asali yana nan. Amma idan aka tura bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ta zubar da wannan bayani, sai fa in an aika shi a matsayin takarda. Yawancin abin da ake ɗauka yau a bukukuwan Tanut da Belbeji ta wannan hanya yake yawo daga waya zuwa waya, asalin kuma yana kan ɗan katin ajiya guda, wanda ake gogewa idan ya cika.